Babi na Tara: Tabon da Ke Kan Mahaifa

Likitocin Turai da Amurka sun daɗe suna muhawara a kan matar da ta zaɓi a yi mata tiyata alhali babu larura, don gudun zafin naƙuda ko don tsai da ranar haihuwa, har ta kai a Barazil fiye da rabin jarirai ta haka ake ciro su. Amma duk wanda ya ɗauko mizaninsu ya kawo Birnin Lalle ba gyara, ƙiyasinsa ɓatacce ne, domin wadda za ta haifi biyu ta rufe ba ɗaya take da mai sa ran bakwai ba.

Zubar jini da ruɓewar yanka a ɓangaren tiyata, yagewa da raunin mafitsara a ɓangaren haihuwa da kai, duk sanannu ne. Abin lura shi ne tabo. Mahaifar da aka yanka kamar ɗinkakkiyar ƙwarya take, tana aiki amma ba ta son gaganiya. A naƙuda ta gaba tabon kan yage wa kimanin mace 1 cikin 200, kuma idan ya yage mintoci ne suka rage, alhali mai cikin tana bisa amalanke, ɗakin tiyata yana Dakoro ko Maraɗi. Mabiyiya ma takan kafu a kan tabon ta ƙi faɗowa, haɗarin yana ƙaruwa da kowace tiyata, wani lokaci sai an cire mahaifar ɗungurungum.

Sai dai masu cewa tiyata bidi'ar Nasara ce, ko wadda aka yi wa aiki raguwa ce, sun ishe mu da jahilci! A 1879 wani Bature mai suna Robert Felkin ya ga masu maganin gargajiya na Kahura, a Yuganda ta yau, sun shayar da wata mai naƙuda giyar ayaba, suka wanke hannu da cikinta da ita, suka yanka, suka tsai da jini da ƙarfen da aka gasa a wuta, suka haɗe fatar da tsinkunan ƙarfe, uwa da ɗa kuwa suka rayu.

Haƙiƙa cutarmu ƙarancin tiyata ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2015 cewa mace-mace na raguwa har adadin haihuwa ta tiyata ya kai 10 cikin 100; wani bincike na 2012 ya sami Nijar ƙasa da 2, ko da yake gwamnatin Tandja Mamadou ta mai da aikin kyauta tun 2005. Sakamakon doguwar naƙuda yana nan a asibitin yoyon fitsari na Danja.

Mai gida, in matarka tana da tabo, kai ta kusa da asibiti tun watan haihuwa bai kama ba.