Wakenmu a Cikin Dutsen Ƙanƙara

A farkon shekarar 2008 wasu akwatuna 21 suka bar cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, suka nufi ƙasar Norway. Samfurin iri kusan 7,000 ne a ciki, waɗanda aka tattaro daga ƙasashen Afirka 36: wake, masara, waken suya da gurjiya. Waken nan dai da ake auna mana a tiya a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi.

Masaukinsu tsibiran Svalbard ne, can ƙuryar arewacin duniya, inda aka haƙa rumbu a cikin dutse aka buɗe shi ranar 26 ga Fabrairu, 2008. Kafin iri ya shiga sai an busar da shi ƙayau, a liƙe shi cikin 'yar jakar da iska ba ta ratsawa, sannan a ajiye a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. A haka ƙwayar ba ta mutu ba, ba ta kuma tsira ba, barci kawai take yi na shekaru. Ko wuta ta ɗauke, dutsen kansa a daskare yake. Rogo da doya kuwa, da ba a shuka su da ƙwaya, a wasu ma'ajiyoyin ake yanko tohonsu a rena a kwalba, ko a daskarar cikin ruwan naitirojin.

Ni abin da ke damuna shi ne irin da ba a kai ga ɗauka ba. Tsohuwa a Bogoro ko Tafawa Ɓalewa tana da acca ta gado, tana da wake a tulu an gauraya shi da toka don ƙwari. Fari ɗaya, ko rikici ɗaya, ya isa ya shafe shi.

Rikici ne ma ya fara gwada rumbun. A da cibiyar binciken noma ta ICARDA tana da babbar ma'ajiyar iri a kusa da Aleppo ta Siriya, yaƙi ya raba ma'aikata da ita. Allah ya sa sun riga sun kai ajiya Svalbard. A 2015 suka ce a ba su kayansu, su ne na farko da suka taɓa cire iri daga wurin. Suka shuka alkama da sha'ir a Lebanon da Maroko, iri ya tsira, ya yi yabanya, aka girbe. A 2017 suka fara mayar da sabon iri cikin dutsen.