Bukukuwan Baje Kolin Jiragen Sama

Bikin baje kolin jiragen sama taro ne da ake yi a filin jirgi, inda kamfanonin ƙera jirage da rundunonin sojin sama da masu jiragen kansu suke hallara. Wasu jiragen akan jera su a ƙasa domin jama'a su zagaya su duba, wasu kuma a tashe su a nuna irin abin da za su iya yi a sama. Ga kamfanoni da gwamnatoci, wannan taro kasuwa ce da ake ƙulla cinikin biliyoyin daloli. Ga sauran jama'a kuwa wurin kallo ne, kamar yadda ake cika gari a ga mahaya suna sukuwa ranar hawan Sallah.

Asalin al'adar yana kusa da asalin jirgin kansa. A shekarar 1903 ne 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tashi jirgi mai inji a Amurka. Bayan shekara shida, a watan Agustan 1909, aka yi mako guda ana gasar jirage kusa da birnin Reims na Faransa. Ba'amurke Glenn Curtiss ne ya lashe gasar gudu, da saurin kimanin kilomita 75 a awa ɗaya. A wannan shekara kuma aka buɗe baje kolin jirage a cikin wani katafaren zaure a Paris. Shi ne ya ɗore har yau, kuma tun 1953 aka mayar da shi filin jirgin Le Bourget.

Manyan kasuwannin jirage na duniya suna ci ne bi da bi. Na Paris akan yi shi a watan Yuni, shekara biyu sau ɗaya. Shekarar da ba a yi shi ba, sai na Farnborough a Ingila, wanda aka fara a 1948, ya ci a watan Yuli. Na Dubai yana zuwa a watan Nuwamba na shekarar da aka yi na Paris. A Afirka, mafi shahara shi ne wanda ake yi a sansanin sojin sama na Waterkloof kusa da Pretoria, akwai kuma na Marrakesh a Maroko.

A waɗannan wurare ne manyan kamfanoni irin su Airbus da Boeing suke gwada ƙwanji. A Paris aka nuna jiragen Concorde da Boeing 747 a 1969. A bikin Dubai na 2013 kamfanin Emirates ya sanar da sayen Boeing 777X guda 150, sannan a Paris a 2023 kamfanin IndiGo na Indiya ya yi odar jiragen Airbus 500 a lokaci ɗaya. Galibin irin wannan ciniki an daɗe da gama shi a ofis, ana dai ajiye sanarwar ne sai ranar da 'yan jarida suka taru. Kuɗin da ake ambata ma yawanci na farashin takarda ne, domin mai sayen jirage da yawa ba ya rasa ragi mai tsoka. Saboda cinikin ne ake keɓe kwanakin farko ga masu sana'ar kaɗai. A Paris, kwana huɗu nasu ne, ukun ƙarshe kuma a buɗe ƙofa ga kowa.

Akwai kuma bukukuwan da sha'awa ce ta kafa su. Mafi girmansu shi ne na garin Oshkosh a jihar Wisconsin ta Amurka, wanda ake yi a ƙarshen Yuli. Jirage fiye da 10,000 suke zuwa yankin cikin mako guda, mahalarta kuma sukan haura 600,000. Da yawa daga jiragen ƙanana ne, wasu ma masu su ne suka haɗa su a gida, kuma mutum yakan kafa tanti ya kwana ƙarƙashin fiffiken jirginsa. Cunkoson yana kai matsayin da rediyo ba ta iya ɗaukar amsar kowa. Jami'in kula da zirga-zirga sai ya kira jirgi da launinsa da irinsa, matuƙi kuma ya karkaɗa fikafikai alamar ya ji. A kan titin sauka an zana manyan ɗigogi masu launi daban-daban, kowane jirgi a faɗa masa ɗigon da zai dira a kai, ta haka jirage biyu ko uku suke sauka a titi ɗaya kusan lokaci guda.

Abin da ya fi jan 'yan kallo shi ne ayarin jiragen soja masu wasa a sama. Amurka tana da Blue Angels na sojin ruwa tun 1946, da Thunderbirds na sojin sama tun 1953. Birtaniya tana da Red Arrows, Italiya tana da Frecce Tricolori mai jirage goma. Ayarin Faransa yana tashi da jirage takwas ƙirar Alpha Jet, irin waɗanda rundunar sojin saman Najeriya ta daɗe tana aiki da su. Hayaƙin da suke bari a baya ba na ƙonewar inji ba ne. Wani mai ne ake fesawa cikin zafin da ke fita daga injin sai ya zama tururi, idan ana son launin tutar ƙasa a zuba masa rini.

Wannan wasa yana da wuya fiye da yadda ido yake nunawa. A wasu jerin, tazarar da ke tsakanin jiragen Blue Angels ba ta kai rabin mita ba. Jagora ne kaɗai yake duban hanya, sauran sun kafa masa ido, duk inda ya karkata nan suke bi. A 1982, yayin atisaye a jihar Nevada, jiragen Thunderbirds huɗu sun faɗi tare saboda ukun sun bi jagoransu har ƙasa. Ga kuma nauyin da ke danne matuƙi idan ya yi kwana mai tsini, wanda kan kai ninki bakwai zuwa tara na nauyin jikinsa. A lokacin jini yana gangarowa daga kai zuwa ƙafafu, gani ya dushe, mutum ya iya suma. Shi ya sa yawancin matuƙa suke sa wando na musamman mai matse cinya da ciki, ana kuma koya musu ɗaure jijiyoyi da sarrafa numfashi.

Dokokin da ke kare 'yan kallo a yau daga haɗurra aka koyo su. A Farnborough a 1952 wani jirgi ya tarwatse a sama, ɓaraguzansa suka kashe 'yan kallo 29. A sansanin Ramstein na Jamus, ranar 28 ga Agustan 1988, jiragen ayarin Italiya uku suka yi karo, ɗaya ya afka cikin taro, mutum 70 suka rasu. Mafi muni shi ne na Sknyliv a Yukren a 2002, inda mutum 77 suka mutu. A 2015 kuma wani tsohon jirgin yaƙi ya faɗa kan babbar hanya a Shoreham ta Ingila ya kashe mutum 11. Bayan kowane ɗaya an ƙara tsaurara ƙa'ida. Yanzu a ƙasashe da yawa ana shata layi nesa da jama'a wanda jirgi ba zai ƙetare ba, an hana yin juyi mai haɗari a saman taro ko a nufo shi, an ƙayyade iyakar ƙasa-ƙasan da za a sauko, kuma akwai jami'in da ke da ikon tsayar da wasa nan take idan matuƙi ya saɓa.

Mai niyyar halarta yana da abubuwan da ya kamata ya sani. Ya fara tabbatar da ranakun da aka buɗe wa jama'a, domin wasu bukukuwan, kamar na Dubai, akasarinsu na masu sana'a ne. Biza da tikiti da masauki a neme su da wuri, saboda otal-otal na kusa sukan cika watanni kafin lokaci. Ƙarar jirgin yaƙi tana iya lalata ji, don haka abin toshe kunne wajibi ne, musamman ga yara. Filin jirgi ba shi da inuwa, sai a tanadi ruwa da hula da takalmin da za a iya yini a tsaye da shi. Ba a shan taba kusa da jirage, ba a kuma yar da shara, domin ɗan ƙaramin abu idan inji ya zuƙe shi yana iya jawo babbar ɓarna. Ba a taɓa jirgi ko ƙetare igiya sai da izini. Jadawalin kansa yana hannun yanayi. Ayarin Red Arrows, alal misali, yana da tsarin wasa iri uku gwargwadon nisan gajimare daga ƙasa, idan kuma hadari ko hazo ya yi yawa akan soke tashin ɗungurungum, a bar mahalarta da kallon jiragen da ke jere a ƙasa.