Ajiyar lissafin kanti: a san abin da ke cikin .bashrc

Ƴan kasuwa maza da mata, yau wasu daga cikinku sun bar rubuta bashi a littafi, sun koma ga kwamfuta. Wanda ya saye tsohuwa, mai gyara na iya sa mata Linux, domin kyauta ne kuma ba ya nauyi. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlanda, shi ya fara shi a 1991.

A cikin Linux akwai wani baƙin allo inda ake rubuta umurni da hannu. Mai karɓar umurnin ya kai ma na'ura kamar dillali yake, sunansa Bash, ba bashi ba! Brian Fox ya fitar da shi a 1989. Duk sa'ad da aka buɗe allon, sai Bash ya fara karanta wani ɗan fayil mai suna .bashrc, ya bi abin da aka rubuta ciki. Ɗigon da ke farkon sunan ne ke ɓoye shi, sai an rubuta ls -a ake ganinsa.

A nan ne mai kanti zai koya ma na'ura kalmominsa. Ana iya gajarta dogon umurni da kalmar alias. Misali, a sa layi guda wanda zai kwafe dukan lissafi zuwa kile USB, a raɗa masa suna ajiye. Da magariba, kafin a rufe kanti, a rubuta ajiye, shi ke nan. Ko wuta ta lalata na'ura, sunayen masu bashi suna nan cikin aljihu.

Layi na biyu ya fi wannan muhimmanci. Umurnin rm yana share fayil nan take, ba tambaya, ba kwandon shara da za a koma a tono. In aka rubuta alias rm='rm -i' cikin .bashrc, na'ura za ta riƙa tambaya kafin ta share. Rigakafi ya fi magani.

Amma a yi hattara. Kafin a taɓa fayil ɗin, a kwafe shi da cp ~/.bashrc ~/.bashrc.tsoho, domin in gyara ya ɓaci a koma ga na da. Bayan gyara a rubuta source ~/.bashrc don sabon layi ya fara aiki. Masu kwamfutar Apple su sani tun 2019 zsh ne dillalinsu, fayil ɗinsa kuwa .zshrc.

Hajiya, Alhaji, ko da yaron kanti ne ke riƙe da na'ura, ku sa shi ya karanta muku kowane layi da ya ƙara, ya faɗi aikinsa da Hausa. Kada ku yarda a liƙa layin da aka tsinto a intanet ba a gane shi ba, domin Bash zai aikata shi kullum ba musu. A ajiye kwafin .bashrc tare da lissafi, don ran da yaro ya bar aiki ko aka sake na'ura, kanti ya ci gaba da tafiya.