Yaro da Allon Tuƙi: A Koya Masa Faɗuwa Kafin Tsayuwa

Daga cikin wasannin ruwa da suka yaɗu a Turai da Amurka a wannan zamani, akwai wanda mutum yakan tsaya ƙyam bisa wani faffaɗan allo, mai kama da ƙyauren ɗaki sai dai ya fi shi tsawo, don na manya yakan kai mita uku ko fiye, yana riƙe da dogon filafili yana tuƙa kansa. Asalin wasan, a siffar da aka san shi yau, tsibiran Hawai ne, inda samarin gaɓar Waikiki masu koya wa baƙi hawan igiyar teku, tun wajen tsakiyar ƙarni na ashirin, sukan miƙe tsaye bisa allunansu don su hango almajiransu. Sa'an nan a farkon shekarun 2000 gwanaye irin su Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da shi, har aka ƙago wanda ake hura wa iska, a naɗe shi a jaka in an gama. To, sauƙin nan nasa shi ne fa'idarsa, shi ne kuma tarkonsa, domin abin da aka ga ana hura masa iska sai a ɗauke shi kayan wasan yara, alhali kuwa tun shekarar 2008 hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta lissafa shi cikin jiragen ruwa matuƙar an fita da shi daga wurin da aka keɓe don wanka.

Wanda ya taɓa ganin masunta a Argungu sun kwanta bisa gora suna ratsa kogin Matan Fada ya san cewa gorar ba ita ce ta iya ruwa ba, mai ita ne. Haka hukuncin allon nan yake. Sharaɗi na farko shi ne yaro ya iya iyo, ko aƙalla ya saba da ruwa har ya zamana in ya shiga masa hanci ba ya gigicewa. An kuwa ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yi umarni a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki. Amma iya iyo ba ya ɗauke wajabcin rigar ceto. A sa masa wadda ta dace da nauyinsa, ba wadda aka saya da girma don ya tarar da ita baɗi ba. Hanyar gwada ta kuwa ita ce a ɗaure maɗaurai duka, a kama kafaɗun rigar a ja sama, in ta zame ta rufe masa kunnuwa, to a cikin ruwa ma haka za ta yi.

A ganina, kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne ɗokin ganin yaro a tsaye. A ranar farko a zaunar da shi a gaban allon babba, ya ji yadda yake lilo a ƙarƙashinsa. In ya natsu, a ba shi nasa a ruwa mai kwanciya wanda bai wuce ƙugun babba ba, ya durƙusa a tsakiya, daidai wurin mariƙin allon, da filafili gwargwadon tsayinsa, wanda bai ɗara kansa da fiye da taƙi guda ba. Daga nan sai darasin da ya fi kowane muhimmanci: a sa shi ya faɗa ruwa da gangan. Ya faɗi ta gefe, nesa da allon, a shimfiɗe, ba da ka ba, don kada ya bugi ƙasa ko dutse. Ya saki filafilin, ya fara cafke allon tukuna, ya ɗora ƙirjinsa a kai, ya wuntsila ƙafafu har ya hau. A maimaita sau biyar, sau goma, har abin ya koma dariya. Za ka ga yaron da ɗazu yake ƙanƙame da gefen allo, idanu warwaje, ya soma roƙon a bar shi ya sake faɗawa. Irin wannan yaro in ya miƙe, ya ware ƙafafu, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya dubi gaba maimakon ƙafarsa, tsayuwar ba ta yi masa wuya, saboda abin da yake tsoro ya riga ya ɗanɗana shi.

Sai maganar iska, wadda jahilcinta ya fi zurfin ruwa haɗari. Mutum a tsaye bisa allo tamkar zanen jirgin ruwa mai tafiya da iska ne, kuma iskar da ke busowa daga tudu zuwa cikin ruwa mayaudariya ce, don takan bar bakin gaɓa lumui kamar faranti, alhali tana tura allo can ciki, inda yaro ba shi da ƙarfin komowa. Ranar da iska ke bugun ƙeyarka kana fuskantar ruwa, a haƙura. In kuwa ta taso ana ciki, a riga an koya masa ya durƙusa ko ya kwanta rub da ciki ya yi tuƙi da hannuwa, kada kuma ya kuskura ya rabu da allon da nufin iyo zuwa gaɓa.

Saboda haka ne ake ɗaura wa mai tuƙi igiya a idon sawu, kamar dabaibayi, ta haɗa shi da allonsa. A tafki da ruwa mai kwanciya rahama ce. A kogi mai gudu kuwa tana iya zama ajali, domin in ta sarƙe a reshe ko dutse, ƙarfin ruwa yakan danne mutum, hannunsa ba ya kaiwa ƙafa balle ya kwance. Can sai igiyar ƙugu wadda ake ɓalle ta da fizga guda. A ranar 30 ga Oktoba 2021, a garin Haverfordwest na ƙasar Wales, mutum tara suka shiga kogin Cleddau bayan an tafka ruwan sama, suka faɗa wata madatsa, ruwan da ke juyawa a gindinta ya riƙe su, huɗu suka rasu. Dukansu manya ne, suna kuma tare da masu jagora. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: kogi mai gudu ba wurin koyon yaro ba ne, ko da wace irin igiya.

Wanda ya samu allon nan a ƙasashenmu yana da ƙarin abin dubawa, wato tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da kududdufi inda dodon koɗi yake, da kuma kada da dorina a wasu koguna. A tambayi masuntan wurin kafin a jiƙa ƙafa. Ya kai mai ɗa, ka sani nutsewa ba ta da kururuwa, yaro yakan nutse shiru cikin ɗan lokacin da ake duba waya. Amana ce a wuyanka: ka sa taka rigar ceton, ka shiga ruwan tare da shi, kada ka yi nisan da hannunka ba zai kai gare shi ba.