Me ya sa 'yan Katolika masu wa'azi a intanet ke neman ganin juna ido da ido, kuma ina ruwan Garwa?

A ranakun 28 da 29 ga watan Yulin 2025, mutane sama da dubu ɗaya daga ƙasashe fiye da 70 suka hallara a birnin Roma bisa gayyatar fadar Vatican. Akwai limaman coci da sistoci a cikinsu, amma da dama matasa ne da ba su riƙe da wani muƙami a coci. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu yana da shafi a Facebook ko YouTube ko Instagram ko TikTok inda yake magana a kan addini bisa koyarwar ɗarikar Katolika. Wasu suna da mabiya dubbai, wasu kuma miliyoyi. Da yawansu sun daɗe da sanin muryoyin juna, amma ba su taɓa yin musafaha ba sai a ranar.

An shirya taron ne a cikin bukukuwan shekarar Jubili, wadda cocin Katolika ke yi duk bayan shekara 25, kuma wannan ne karon farko da aka ware wa masu aiki a kafafen sada zumunta nasu ranakun a cikinta. A rana ta biyu, bayan Kadinal Luis Antonio Tagle ɗan ƙasar Filifin ya jagoranci sujada a majami'ar Saint Peter, Fafaroma Leo na 14 ya shigo ya yi musu jawabi. Bai cika wata uku a kan kujerar ba a lokacin. Ya ɗauko misali daga almajiran Yesu na farko, waɗanda masunta ne, ya ce wa mahalarta su je su gyara komarsu. A harshen Italiya, kalma ɗaya ce ake kiran komar kamun kifi da kuma hanyar sadarwa da ita. Duk wanda ya taɓa zama a bakin kogin Binuwai ko tafkin Lagdo ya san abin da ake nufi: masunci ba ya jefa koma mai huji, sai ya zauna ya ɗinke ta tukuna. Fafaroman ya kuma ja hankalinsu cewa yawan mabiya ba shi ne ma'aunin aikinsu ba.

Yadda abin ya faro

Ba a 2025 aka fara ba. Ranar 2 ga watan Mayun 2011, kwana ɗaya bayan bikin ɗaukaka marigayi Fafaroma John Paul na biyu zuwa matsayin mai albarka, Vatican ta tara marubutan intanet 150, waɗanda aka zaɓo daga cikin kimanin 750 da suka nemi halarta. A wancan lokaci shugabannin coci na yi wa irin waɗannan marubuta kallon 'yan shisshigi, domin suna magana da sunan addini ba tare da wani ya naɗa su ba, kuma ba sa jiran izinin kowa kafin su soki bishop. Gayyatar ta nuna cewa fadar ta gane ba za ta iya rufe musu baki ba, gara ta san su. A watan Disambar 2012 Fafaroma Benedict na 16 ya buɗe nasa shafin a Twitter.

A watan Mayun 2023 kuma, ma'aikatar sadarwa ta Vatican ta fitar da wata doguwar takarda kan ladubban amfani da kafafen sada zumunta. Ta gina ta a kan labarin Basamariyen nan da ya taimaki mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanya, da kuma tambayar wane ne maƙwabci. Abin da ya fi jan hankali a cikinta shi ne ba ta tsame shugabanni ba: ta ce har bishop-bishop da limaman coci kan wallafa kalaman da ke raba kan jama'a. Sai kuma ranar 7 ga watan Satumbar 2025, lokacin da aka ayyana Carlo Acutis a matsayin waliyyi. Yaro ne ɗan Italiya da ya rasu a 2006 yana da shekara 15, wanda aka san shi da amfani da kwamfuta wajen yaɗa addini.

To ina ruwan arewacin Kamaru?

Mai karatu Bahaushe, musamman Musulmi da ke Garwa ko Marwa ko Ngaundere, zai iya cewa wannan hidimar Nasara ce a ƙasar Nasara. Sai dai cocin Katolika ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun 1946 limaman ƙungiyar Oblats suka iso ƙarƙashin jagorancin Yves Plumey, Bafaranshen da ya zama bishop na farko a Garwa, wanda aka kashe a Ngaundere a watan Satumbar 1991. A 1982 Garwa ta zama babbar dayosis, kuma a yau ita ce uwa ga dayosis uku: Marwa da Mokolo, Ngaundere, da Yagwa. Fafaroma John Paul na biyu ya zo Garwa da kansa a watan Agustan 1985. Christian Tumi, Kadinal na farko a Kamaru, yana riƙe da Garwa aka ba shi wannan muƙami a 1988. Tun 2016 Babban Bishop Faustin Ambassa Ndjodo ne ke jagorancin ta. Makarantu da asibitocin mishan kuwa, Musulmi da Kirista duk suna zuwa.

A nan, wanda ke wallafa wa'azin Katolika da safe, da rana wurin Alhaji zai sayi shinkafa, da yamma kuma ɗan acaɓa Musulmi ne zai kai shi gida. Abin da ya faɗa a waya ba ya tsayawa a harabar coci. Yana shiga zauren WhatsApp na unguwa, na 'yan kasuwa, na tsofaffin ɗalibai, daga nan ya tsallaka iyaka zuwa Yola ko Mubi ko Mundu kafin motar da ta tashi daga tashar Garwa ta isa Figil.

Mun ga misalin haka a daidai shiga shekarar 2025. Bishop na Yagwa, Barthélemy Yaouda Hourgo, ya yi huɗuba kan wahalar da jama'ar lardin Arewa Mai Nisa ke sha, har ya nuna cewa ko Shaiɗan ne ya karɓi mulki, a bari a gani. Gajeren bidiyon wannan magana ya zagaye ƙasar cikin 'yan kwanaki. Masu adawa da gwamnati suka mai da shi tuta, magoya bayanta suka yi tir da shi. Huɗuba ce da aka yi wa mutanen da ke zaune a gaban mai yin ta, waɗanda suka ji farko suka ji ƙarshe, amma mafi yawan waɗanda suka yi ta muhawara a kai gutsure kawai suka gani. Wanda ya ɗauki bidiyon ya yanke shi, shi ne ya zaɓa wa ƙasa abin da za ta ji.

Bayan zaɓen 12 ga watan Oktoban 2025, abin ya fi haka zafi. Issa Tchiroma Bakary, ɗan Garwa, ya ce shi ya ci, majalisar tsarin mulki kuma ta bayyana Paul Biya a matsayin wanda ya yi nasara ranar 27 ga wata. An yi zanga-zanga a Garwa da wasu birane, an rasa rayuka. A irin waɗannan kwanaki, hotuna da saƙonnin murya kan yi ta yawo, na gaskiya da na ƙarya a cakuɗe, kuma jama'a sun fi saurin yarda da abin da ya fito daga wanda suke ganin mai tsoron Allah ne.

Amfanin sanin fuska

A nan ne haɗuwa ido da ido ke da rana. Mai shafi a Garwa da ya taɓa cin abinci kwano ɗaya da takwaransa na Mokolo, idan ya ga labarin an kai hari a wani ƙauye, yana da wanda zai kira ya tambaya kafin ya tura wa wasu. Yankin ya san ciwon wannan. A watan Nuwambar 2013 aka sace Fada Georges Vandenbeusch a Nguetchewe kusa da iyakar Najeriya, a watan Afrilun 2014 kuma aka sace limamai biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Tchéré, kusa da Marwa. Duk an sako su daga baya. Idan ran mutum yana hannun 'yan bindiga, magana ɗaya da aka wallafa da gaggawa na iya ɓata ƙoƙarin masu neman ceto shi.

Na biyu, gyara. Wanda ba ka sani ba, idan ya yi kuskure, a bainar jama'a za ka yi masa raddi, shi kuma ya kare kansa ko da ya san bai da gaskiya. Wanda ka sani kuwa, kiran waya ya isa, kuma sau da yawa zai goge abin kafin ya yi nisa. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa.

Akwai kuma doka, wadda matasa da yawa ba su san da ita ba sai ta hau kansu. Dokar watan Disambar 2010 kan laifukan intanet ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba. A watan Disambar 2019 kuma aka yi wa kundin hukunta laifuka kwaskwarima: kalaman ƙiyayya ga wata ƙabila na jawo ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyu da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan uku, kuma ana ninka hukuncin idan mai laifin shugaba ne a kafar yaɗa labarai ko cibiyar addini. Zama na yini ɗaya da lauya ya fi saƙonnin gargaɗi ɗari.

Waɗanda Roma ba ta gani ba

A ganina, a nan taron Roma ya gaza. Zuwa can na buƙatar fasfo da biza da kuɗin jirgi, don haka waɗanda suka fi samun dama su ne masu magana da manyan harsunan Turai, masu kyamara mai kyau da intanet da ba ya yankewa. A arewacin Kamaru kuwa, wanda saƙonsa ya fi shiga gidaje ba lallai ne yana da shafi mai suna ba. Yana iya zama malamin katekisim a ƙauye da ke naɗar karatun ranar Lahadi da Tupuri ko Mafa ko Masa ko Mundang ya tura a WhatsApp, ko shugabar zumuntar mata da ke aika sanarwa da Fulatanci, harshen da ya haɗa kasuwannin yankin. Murya ce jarinsu, domin da yawa daga masu sauraronsu ba sa karanta Faransanci. Cocin Lutheran ta daɗe da gane haka, shi ya sa ta kafa Sawtu Linjiila a Ngaundere tun shekarun 1960 don shirye-shiryen rediyo da Fulatanci.

Hausa ma tana da wuri a wannan fage. Akwai Hausawa 'yan Katolika a Kano da Katsina da Zariya, kuma a watan Oktoban 2023 aka kafa dayosis ɗin Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop ɗinta na farko. Kafin naɗin nasa, malamin fannin sadarwa ne a cibiyar ilimi ta Katolika da ke Fatakwal. Wa'azi ko waƙar coci da aka naɗa da Hausa a can, ana sauraron su a nan, kamar yadda karatun malaman Kano da Sakkwato ke cikin wayoyin Musulmin Garwa. Rashin fahimta ma ta wannan hanya take bi. Mutanen Nijar ba su manta da watan Janairun 2015 ba, lokacin da zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Paris ya kai ga ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, alhali Kiristocin wurin ba su da hannu a ciki.

Saboda haka taron da zai fi yi wa yankin amfani ba ya buƙatar jirgin sama. Daga Marwa zuwa Garwa tafiyar kilomita 200 da 'yan kai ce, daga Ngaundere kuma ba ta kai 300 ba. Akwai ma lokacin da ya dace: tun 1967 cocin Katolika ke bikin ranar sadarwa ta duniya a kowace shekara, ranar Lahadin da ke gabanin Fentikos. Kamaru kuma tana da ƙungiyar tattaunawa tsakanin addinai ta ACADIR, wadda ta haɗa Musulmi da 'yan Katolika da Furotestan. Idan aka tara masu shafukan dayosis huɗun a Garwa, ba zai yi wuya a ajiye kujeru ga matasan Musulmi masu yaɗa karatun malamai ba, tunda sau tari zauren WhatsApp ɗaya suke ciki.