Gargaɗi ga Iyaye a Birnin Katsina: A Daina Ɗura wa Yara Antibayotik Ba da Umarnin Likita Ba

Jama'ar Katsina, iyaye maza da mata, kakanni, da masu kemis na unguwanni, wannan kira ne na gaggawa. Yau, kafin a kwanta, a duba kan kwaba, bayan madubi, cikin jakar goyo da gefen randa. Duk kwalbar maganin ruwa na kashe ƙwayoyin cuta da aka buɗe aka bar saura, Amoxil ce, Augmentin, Ampiclox, Septrin ko Flagyl, a fitar da ita daga ɗaki. Kada a ƙara ba wani yaro ko cokali ɗaya daga ciki. A juye sauran a toka ko ƙasa, a ƙulle a leda, a jefar inda hannun yaro ba zai kai ba.

Na san me za a ce: "Ai ranar lalacewarsa ba ta zo ba, ga ta nan a jikin kwali." Wannan ranar ta garin maganin ce, tun ruwa bai taɓa shi ba. Amoxil, Augmentin da Ampiclox gari ne a cikin kwalba, kuma daga ranar da aka zuba musu ruwa kwanakinsu ƙidayayyu ne. Amoxil ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Augmentin ya fi shi saurin mutuwa: dole sai a firij, kuma ko a firij ɗin kwana 7 zuwa 10 ne iyakarsa. To, a garin da zafin Afrilu ke haura maki 40, wuta kuma ta zo yanzu ta ɗauke an jima, me ya rage a kwalbar da ta yi wata biyu a kan taga? Ruwa ne mai zaƙi, ƙarfinsa ya tafi. Uwa tana ba da shi da zuciya ɗaya, tana ganin ɗanta na shan magani, ciwo kuwa yana ta cin jikinsa.

Amma matsalar ta fi tsohuwar kwalba girma. Mafi yawan ciwon da muke saye wa yara antibayotik a kansa ba ya buƙatarsa sam. Wannan magani bakteriya kaɗai yake kashewa. Mura, yoyon hanci, da galibin tarin da ke kama yara in hunturu ya shigo da ƙurarsa, bairos ne ke kawo su, kuma ko kwalba goma yaro ya shanye bai taɓa bairos ba. Haka yawancin gudawar yara. Abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, maganinsa kuwa ruwan gishiri da sukari na cikin leda, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da ba shi nono da abinci. Sai an ga jini a bayan gida, ko likita ya gano wani abu daban, ake maganar antibayotik. Flagyl da Septrin da muka mayar tamkar abokan tafiyar kowace gudawa, sau tari ba abin da suke ƙara wa yaro sai wahalar ciki.

Zazzaɓi kuma, a ƙasarmu, a fara da gwajin cizon sauro. Ɗan digon jini ne a yatsa, cikin minti 20 an san amsa. Fitar haƙori ba cutar bakteriya ba ce. Ita kuwa ɗabi'ar ɗiga wa jariri sabon haihuwa Ampiclox wai don a wanke masa ƙazantar ciki ko a tare masa ciwon cibiya, ba ta da tushe a likitanci. Kakanni, don Allah ku ji wannan, domin sau da yawa maganarku ce ke yanke hukunci a ɗakin mai jego.

Ga illar da ba a gani da ido. Duk lokacin da yaro ya sha antibayotik babu dalili, ko ya sha wanda ya yi rauni, ko aka tsayar a tsakiya, ƙwayoyin cuta masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Su zauna a hanjinsa, su bi hannu da kwano da buta su shiga ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta. Ranar da limoniya ko taifot ta gaske ta zo, sai a ba da maganin da aka saba ya ƙi ci. A koma allura, a koma mai tsada, wani lokacin shi ma ya ƙi. Wani babban bincike da mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kusan ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma babu yankin da abin ya fi tsanani kamar Afirka ta Yamma.

A Katsina nauyin ya ninku, saboda tamowa. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar nan daga farkon shekarar. Yaron da tamowa ta cinye garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, kuma amoksisilin, wato Amoxil, na cikin magungunan farko da ake ba shi. Idan muka kashe ƙarfin wannan magani a kan mura, waɗannan yaran ne za su fara biyan kuɗin. Garin neman gira za mu rasa ido.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a guji maganin. Idan likita ko ma'aikacin lafiya ya duba yaro ya rubuta, a ba shi, a kuma ba shi daidai, domin yana ceton rai. A wajen haɗawa ne ake yawan ɓata shi. A tafasa ruwa, a bari ya huce sarai. Ruwan zafi yana lalata maganin. A girgiza garin ya saki, a zuba ruwa rabi, a girgiza, sannan a cika zuwa layin da ke jikin kwalba, kada a wuce shi. A rubuta ranar da aka haɗa a jikin kwalin. A girgiza kafin kowane sha. A auna da murfin awo ko sirinjin da ya zo da shi, domin cokalin shayin gidanku da na gidan maƙwabta ba ɗaya ba ne. A lura kuma: akwai kwalba mai 125mg a kowane 5ml, akwai mai 250mg. Awo ɗaya, amma ƙarfi ninki biyu. Shi ya sa ba a aron awon ɗan wance, kuma shi ya sa ake ɗora yaro a kan sikeli kafin a rubuta.

"Sau uku a rana" yana nufin kusan kowane awa takwas: da asuba, da azahar, sai bayan isha'i in za a kwanta. Yaro ya tashi yana wasa a kwana na biyu, alhamdu lillahi, amma a ci gaba har kwanakin da aka rubuta su cika. Kada a raba kwalba ɗaya tsakanin yara biyu. Gidan da babu firij a faɗa wa likita tun a ɗakin duba, ba abin kunya ba ne. Akwai ƙwayar amoksisilin mai narkewa a ɗan ruwa ko nonon uwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fi so a ba yara masu limoniya, kuma ba ta neman firij. A sayi magani a inda yake da rajista, a duba lambar NAFDAC, a kankare a tura lambar tantancewa idan akwai ta. Na kan tire a tasha da na bakin kasuwa da rana ta gasa, a bar shi.

Wani abu da ya shafe mu musamman: idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina, wanda a jihar nan aka fara shi a Najeriya tun 2013, suka shigo gida, a gaya musu idan yaro yana shan Septrin ko bai daɗe da sha ba. Dangi ɗaya ne da maganin da suke bayarwa, ba a haɗa su.

Akwai alamomin da ba a tsayawa kemis a kansu. Yaro ya ƙi nono ko ruwa, yana aman duk abin da ya shiga bakinsa, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi, ko wuyansa ya sanƙare. Numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, domin Katsina na cikin jihohin da mashaƙo ya fi taɓawa a 2023. Jaririn da bai kai wata biyu ba ya yi zazzaɓi, ko da kaɗan ne. Haka idan bayan shan magani fuska ko leɓe ya kumbura, borin jini ya feso, fata ta fara saɓulewa, ko numfashi ya yi wuya: a tsayar da maganin nan take, a ɗauki yaro da kwalbar a tafi. Ga Babban Asibitin Katsina, ga Asibitin Turai 'Yar'aduwa na mata da yara, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya. Kada a jira gari ya waye. Idan kuma an yi kwana biyu zuwa uku ana sha babu sauƙi, a koma wurin wanda ya rubuta, kada a canja wani da ka.

Ku kuma 'yan'uwa masu kemis, na san uwa kan zo muku da dare da ɗan kuɗin da ba ya kai ta asibiti, tana cewa, "Malam, a haɗa mini na gudawa." Tausayi ne ke sa ku miƙa kwalbar. Ku miƙa mata ruwan gishiri da sukari da zink, ku duba numfashin yaron, ku nuna mata asibiti mafi kusa. Magidanta, kuɗin keke-napep zuwa asibiti da kuɗin kati a wuyanku suke, kada ku bar mata da zaɓin kemis kaɗai.

Wanda ya karanta wannan, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Sauri, daga Sabuwar Unguwa zuwa Rafindadi, ya karanta wa wadda ba ta iya karatu ba. Limamai su faɗa bayan salla, malaman Islamiyya su faɗa wa iyaye mata, a faɗa a gidan suna da gidan biki. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya sauƙi.