2.4 Haɗewar Ƙwayoyin Zarra Cikin Sanyi da Matsayinta a Wajen Masana

A wannan sashe za a duba dalilin da ya sa masana ba su amince da wannan nazari ba, duk da farfaɗowar da ya yi.

Hanyoyi biyu ake bi wajen samun makamashi daga ƙwayar zarra. Ta farko ita ce tsaga ta, kamar yadda injin nukiliya na bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, yake yi tun 2004. Ta biyu kuwa ita ce haɗe ƙwayoyi biyu, wanda ke faruwa a cikin rana saboda tsananin zafinta.

A ranar 23 ga Maris, 1989, Martin Fleischmann da Stanley Pons suka yi shela a Jami'ar Utah ta Amurka cewa sun haɗe ƙwayoyin ba tare da wannan zafi ba, ta hanyar tsoma ƙarfen faladiyam cikin ruwa mai nauyi tare da sa masa lantarki. Sai dai akasarin masanan da suka maimaita gwajin ba su sami wannan sakamako ba. Kwamitocin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta kafa a 1989 da 2004 duk ba su gamsu ba.

Daga baya kamfanin Google ya ɗauki nauyin sabon bincike, amma rahotonsa na 2019 bai gano wata shaida ba. A 2023 kuma gwamnatin Amurka ta ware dala miliyan 10 ga ayyuka takwas.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa zuba kuɗi alama ce ta sha'awa, ba hujja ba ce. Hujja a kimiyya ita ce wani masanin ya maimaita gwaji ya sami sakamako iri ɗaya. Kafin a sami haka, bai kamata Nijeriya ta dogara da wannan hanya wajen tsara makomar wutar lantarkinta ba.